Juriya da Karɓar Lallashi a Ƙasar Noma ta Funtua da Malumfashi

Juriya ita ce ƙarfin da mutum yake da shi na ɗaukar masifa ba tare da ta karya shi ba, har ya dawo cikin hayyacinsa ya ci gaba da harkokinsa. A bakin Bahaushe tana da 'yan'uwa da yawa: dauriya, haƙuri, ƙarfin hali, tawakkali. Mutane da dama sun ɗauka cewa aba ce da ke zaune a ƙirjin mutum shi kaɗai, wani an haife shi da ita, wani bai samu ba. Masanan da suka daɗe suna bin rayuwar waɗanda suka sha wuya sun gano cewa babban kaso na juriya daga waje yake shigowa, daga mutanen da ke kewaye da wanda abin ya faɗa wa, kuma ba ya shigowa sai mai gida ya buɗe ƙofa. Buɗe ƙofar shi ne mutum ya yarda a saurare shi, a lallashe shi, a rage masa nauyin da ke zuciyarsa.

Kudancin Jihar Katsina, daga Funtua zuwa Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi, har Ƙanƙara, Faskari, Ɗandume da Sabuwa, shi ne rumbun jihar. Ruwan sama ya fi na arewacinta yawa, ƙasar kuma tana karɓar masara, dawa, waken suya, shinkafa da auduga, ga tumatir da rake a fadamun Ɗanja. Auduga ce ta sa aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi tun zamanin Turawa. A 1975 aka soma shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe, kuma daga lokacin ne masara da takin zamani suka samu gindin zama. Abin ya kawo arziki, ya kuma sauya irin fargabar da manomi ke kwana da ita. Masara ba ta yi sai da taki, taki sai da kuɗi, kuɗin kuma sau da yawa bashi ne da za a biya da kaka. Tsarin gandu, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa ke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, ya ja baya. Asarar da a da take rarrabuwa a kan maza biyar ko shida, yau a kan mutum ɗaya take sauka.

A kan wannan aka ɗora matsalar tsaro. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako yara 344 bayan kwana shida. A watan Agusta na 2025 aka buɗe wuta a kan masu sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi. Waɗannan su ne duniya ta ji labarinsu. Bayansu akwai wanda ya sayar da shanun huɗa da gonar gado ya biya kuɗin fansa, da wanda ya bar masara tsaye a daji don ba halin zuwa girbi, da magidancin da a ƙauyensu shi ke ciyar da mutane amma yau yana raɓe a ɗakin ɗan'uwa a cikin gari. Kowane ɗayansu yana ɗauke da ciwo iri biyu, na aljihu da na zuciya, kuma na aljihun ne kawai aka saba a yi zancensa.

Ƙasar Hausa ba ta da ƙarancin hanyoyin tausaya wa wanda ke cikin wani hali. In an yi rasuwa akwai zaman makoki da gaisuwar ta'aziyya, maƙwabta su kawo abinci. In gobara ce ko sata ko asarar gona akwai jaje. Marar lafiya ana zuwa dubiya. Mai haihuwar fari tana komawa gaban iyayenta goyon ciki da wankan jego. Mata suna da ƙawa da aminiya da bikin da ake ramawa, maza suna da majalisa da sahun masallaci, Kiristocin yankin Malumfashi da Ƙafur kuma suna da zumuntar mata da ziyarar fasto. Bayarwa dai an iya ta. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen karɓa.

Tun daga gaisuwa ake ganin haka. "Ina gajiya?" Amsarta ita ce "Ba gajiya," ko da mutum daga noman rani ya dawo ƙafa ba ta ɗaukarsa. "Yaya iyali?" "Lafiya lau." A gidan makoki a ce, "Yaya haƙuri?" a amsa, "Mun gode Allah." Waɗannan amsoshi ladabi ne mai kyau, suna tsare mutunci, suna hana mutum zube cikinsa a gaban kowa. Illar tana zuwa ne idan suka zama su kaɗai ne amsar da mutum yake da ita, har ga matarsa, har ga amininsa na ƙuruciya. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya kawo haƙuri da kunya da mutunci cikin halayen da ake auna mutum da su. Duka ukun halaye ne na gari, kuma duka ukun ana iya juya su su zama ƙulli a bakin mai damuwa. Haƙuri ya ce masa kada ya koka, kunya ta ce kada ya nuna, mutunci ya ce kada a raina shi. Sai a ƙara masa da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. An yi wannan karin maganar ne don riƙon sirri, ba don mutum ya haɗiye abin da ke kashe shi ba.

Akwai kuma tsoro na gaskiya wanda bai kamata a yi watsi da shi ba. Ƙauye ƙaramin wuri ne. Maganar da aka yi a zaure da hantsi tana iya isa bakin rijiya kafin la'asar. Manomin da aka san bashi ya yi masa katutu zai sha wuya wajen samun mai ba shi taki baɗi, kuma gidan da aka ji ana cewa wani ya samu taɓin hankali yakan ga masu neman aure sun ja baya. Matar da ke zaune da kishiya tana auna kowace kalma kafin ta fita. A 'yan shekarun nan ma an ƙara da fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, har mutum ya ji tsoron faɗin abin da ya sayar ko abin da ya rage masa. Saboda haka shirun da mutane ke yi yana da dalili, kuma maganinsa shi ne zaɓen wanda za a faɗa wa.

Masu ganin cewa neman lallashi rauni ne na imani ba su da madogara a tarihin Musulunci. Lokacin da wahayi ya fara sauka a Kogon Hira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koma gida jikinsa na rawa, ya nemi a lulluɓe shi, ya faɗa wa Nana Khadija abin da ya gani da tsoron da ya ji. Ta tuna masa kyawawan halayensa, ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal. Ya faɗa, an lallashe shi, ya karɓa, ya kuma yarda aka kai shi wurin mai sani. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, umarni aka bayar a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Nana A'isha takan sa a dama wa masu makoki talbina, wani kunu na garin sha'ir, don ya sanyaya zuciya. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, bai kuwa fita daga sahun masu kyakkyawan haƙuri ba. Abin da malamai suka hana shi ne raki da fushi da hukuncin Allah. Bayyana hali ga wanda zai taimaka daban yake, har ma Imamu Nawawi ya lissafa neman fatawa da kai ƙarar zalunci cikin wuraren da ambaton wani a bayan idonsa ba ya zama gibar da aka haramta. Wannan bayani yana da amfani musamman ga matan aure, waɗanda da yawansu ke ganin faɗin matsalar gida ga uwa ko malama tonon asiri ne kuma zunubi.

Jiki ma yana da nasa bayanin. Idan mutum ya firgita, jiki yakan saki wasu sinadarai, irin su adirenalin da kotisol, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, jijiyoyi su ɗaure, domin a gudu ko a kare kai. An tsara wannan ne don ɗan lokaci. Wanda ya yi watanni yana kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ƙarar babur, ko yana lissafin bashi har asuba, jikinsa ba ya samun sauka daga wannan hali. Daga nan sai rashin barci, ciwon kai, zafin ƙirji, jin kamar wani abu na yawo a jiki, saurin fushi da yara, mantuwa. Da yawa sukan tafi kemis neman maganin maleriya ko na olsa, alhali tushen abin damuwa ce. Zama kusa da wanda aka amince da shi yana saukar da wannan tashin jiki. Faɗin abu da baki kuma yana tilasta wa tunani ya jeru: abin da yake dunƙule a ka kamar hadari sai ya rabu, wannan bashin mai taki ne, wannan tsoron komawa gona ne, wannan kewar mamaci ce. Abin da ya rabu ana iya kama shi ɗaya bayan ɗaya.

Bincike ya tabbatar da haka a wurare masu nisa da juna. Emmy Werner da abokan aikinta sun bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kawai na Hawayi a Amurka, har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rikicin gida, amma daga cikin waɗannan kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane natsattsu masu riƙe kansu. Abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babba ɗaya mai kula da su, kaka ko goggo ko malami ko maƙwabci, kuma yaran da kansu suna kusantar irin waɗannan mutane suna karɓar kulawarsu. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya soma wani shiri a 2006 a birnin Harare, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi waɗanda ba su zauna da su ba samun sauƙi nesa ba kusa ba. Sunan da Shonawan Zimbabuwe suke kiran ciwon damuwa da shi yana nufin yawan tunani, kalmar da kowace tsohuwa a Bakori za ta gane ba tare da tafinta ba.

Manomin wannan yanki ya riga ya san wannan darasi a gonarsa. Idan ciyawa ta fi ƙarfinsa ko girbi ya taru masa, gayya yake kira. Ya sanar, a dama fura ko kunu, samari su zo da fartanya, kafin azahar an gama abin da zai ɗauke shi mako biyu. Ba wanda ke ce masa rago, shi ma ba ya jin an ci mutuncinsa, domin kowa ya san gobe shi ne zai sunkuya a gonar wani. Gayya ta ragu yanzu, ƙwadago da maganin feshi sun maye gurbinta a wurare da yawa, amma hikimar da ke cikinta ba ta tsufa ba: wanda ya karɓa yau shi ne mai bayarwa gobe, kuma wanda ya ƙi karɓa ya yanke igiyar da ke ɗaure shi da jama'a. Mutumin da kullum shi ke zuwa jaje amma bai taɓa bari a jajanta masa ba, a hankali mutane sukan ji nauyin kawo masa nasu kukan.

Karɓar lallashi tana da tsari. Farkonsa shi ne zaɓen mutum, kuma ma'aunin shi ne amana. Wanda ke kawo labarin wasu zai kai na mai ba shi labari. Ba dole ne ya zama ɗan'uwa na jini ba, wani lokaci ma bare ya fi, kamar abokin karatun allo da ke wani gari, ko liman, ko ungozoma, ko ma'aikaciyar asibitin unguwa. Mutum ɗaya ko biyu sun isa. Ba dole ne kuma a juye komai rana ɗaya ba. Kalma guda kamar "Wallahi, Yaya, kwana biyun nan ba na barci" ta isa buɗe hanya, sai a ga yadda mai sauraro ya riƙe ta kafin a ƙara. Yana da kyau mai damuwa ya faɗi abin da yake bukata, ko shawara ce, ko a raka shi wurin mai binsa bashi, ko kuwa a zauna kawai a ji shi. Maza da yawa ba sa iya magana ido cikin ido, bakinsu ya fi buɗewa a kan hanyar kasuwar Ɗandume ko a gindin bishiya ana ɓarar gyaɗa. Wannan ma hanya ce.

Wani sashe na karɓa ba ya bukatar magana ko kaɗan. Maƙwabciya ta aiko da tuwo a ci, kada a mayar da kwano da cewa an ƙoshi. Ƙane ya ce zai ɗauki yara su kwana biyu a wurinsa, a bar shi. Abokai su biyo a tafi masallaci ko majalisa, a tashi a bi su ko da zuciya ba ta so. Janye jiki daga mutane yana cikin alamun ciwon damuwa, kuma yana ƙara shi, don haka amsa kiran jama'a magani ne ko da bai yi daɗi a ranar farko ba.

Masu bayarwa su ma suna da laifi a wasu lokuta. "Yi haƙuri" kalma ce mai daraja, amma idan ta riga sauraro fitowa takan zama murfi. Mutum ya buɗe baki ke nan sai a ce masa ai wane ya fi shi asara, ko a ce namiji ba ya kuka. Ba zai sake buɗewa ba. Haka nan yawan tambayar wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa, me aka yi masa, nawa aka biya, yana mayar da shi dajin da ya baro. Abin ya fi tsanani ga mata, waɗanda wasu ke dawowa su tarar da kallo da raɗa a maimakon barka. Irin waɗannan suna bukatar a karɓe su yadda suke, a bar su su yi magana ranar da suka shirya. Yara kuwa ba su da kalmomin faɗin tsoro. Nasu yakan fito ta fitsarin kwance bayan sun daina, ko firgita cikin barci, ko manne wa uwa, ko ƙin makaranta, kuma duka ba ya gyara ko ɗaya daga ciki.

Lokaci ma abin lura ne. A kwanakin farko na rasuwa gida cike yake. Bayan sadakar bakwai ƙafa takan ɗauke, bayan arba'in kuma sai a ɗauka an warke. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a ɗaki, kuma sau da yawa baƙin cikin bai fara cizo sosai ba sai gida ya yi tsit. Manomin da ya yi asara da kaka, nasa ƙuncin yakan tsananta ne da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, maƙwabta suna sharar gona suna tanadin iri, shi kuwa ba shi da abin farawa. A irin wannan lokaci babu wata al'ada da ke turo mutane, don haka wanda ke cikin halin yana da haƙƙin ya aika a kira masa wanda yake so, kuma aiken ba roƙo ba ne.

Lallashin dangi yana da iyaka. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya wuce mako biyu kullum ba sauƙi, mutum ya kasa aiki, ya daina cin abinci, ko yana ganin abin da ya faru yana dawo masa kamar yanzu ake yi, to lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi. Haka idan ya koma ga ƙwaya don ya samu barci ko ƙarfin noma, domin taramol da kodin sun riga sun yi ɓarna mai yawa a Arewa, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ba a ɗaukar maganar wasa, ba a kuma barinsa shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha, yawanci a yankunan noma, kuma sau da yawa cikin ɗan lokacin ɗimuwa ne da zai wuce in abin bai kusa da hannu. Gidan da ke da mai irin wannan hali ya kamata ya kulle maganin feshi da fiya-fiya, mabuɗin ya zauna a hannun wani.

Ana iya farawa daga asibitin da ke kusa ko manyan asibitocin Funtua da Malumfashi, daga nan a tura mutum gaba in da bukata. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Zariya, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutunci da sirrin marar lafiya. Zuwa asibiti ba ya hana addu'a, ba ya kuma sallamar dangi. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro kusa da Abekuta, inda ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu suna zuwa asibiti da rana, aka ga suna saurin farfaɗowa. Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su farat ɗaya sai da sanin likita. A wannan tsakani ne marar lafiya ya fi bukatar wanda zai tuna masa shan magani, ya raka shi ranar komawa asibiti, ya kama masa aikin gona har ya miƙe.